Gardama a Rumfar Baduku

Tun da aka sauya mai horar da 'yan kokawar Maraɗi
rumfar Nomau baduku ba ta sake yin shiru ba.
Ni dai takalmi na kawo ɗinki da hantsi,
ga la'asar ta iske ni da ƙafa guda a ƙasa.

Barmo ɗan kabu-kabu ya ce lissafi ba ya ƙarya:
bara kwana uku aka share mu kaf,
bana mutum biyu sun ga kwana na shida,
ɗan Tibirin nan ma gargaɗin alƙali ya fidda shi,
bai dafa ba, bai durƙusa ba.

Nomau bai ɗaga kai daga fatarsa ba.
"Ina takobin?
Wanda ya kusa rijiya da wanda bai bar gida ba,
ai ƙishirwarsu ɗaya."

"Ka gan su da asuba kuwa?
Gudu cikin yashin gulbi har numfashi ya ƙare,
ana ɗora su a sikeli kamar buhun gujiya,
ba shayi bayan lisha."

"Sojoji ke nan. Ni ɗan kokawa na sani,
mai kirari, mai taku,
wanda mata ke wa guɗa tun bai taɓa kowa ba.
Waɗannan suna shiga fili
kamar masu zuwa biyan lanho."

Nan idona ya kai ga ƙusar bango:
guraye goma da kambuna, an ɗinke, an shafe da mai,
gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsu.
Tsohon mai horarwa duk shekara shi ke aiko kuɗinsu.
Sabon bai ma san hanyar rumfar ba.
Barmo ma ya gani. Ya shiga gyaran madubin babur
wanda babu abin da ya same shi.

Dab da magariba wani ƙato ya sunkuyo,
wuyansa kamar turmi, muryarsa ƙasa-ƙasa,
ɗan Madarunfa, cikin mutum biyun nan.
Ya zaro laya daga aljihu, bakinta ya warware.
"Baba, a kama mini. Kada maigida ya ji."

Nomau ya ture takalmina gefe,
ya lashi zare, ya nemi basilla.
Sai da ya yi ɗinki uku ya ce, ba da kowa ba,
"Ƙafarsu dai ta ɗan yi ƙarfi bana."

Na tafi masallaci da aron silifa.