Igiya Ba Ta Sallama

Kawu Mantau ya dawo Sandamu
da hular kwano mai tsaga
da yatsu takwas.
Shekara sha tara a jirgin dakon kaya.

Nan ko gulbi ba mu da shi,
amma da asuba sai ya zaga rijiyar unguwa,
ya murza igiyar guga a tafinsa,
ya taka bakin siminti ko da santsi.
Yara na dariya: "Kyaftin ya fito duba teku."

"Kai, Ila, cire ƙafarka daga gammon igiya!
A jirgi, kafin a taɓa aiki sai an zauna:
me zai tsinke, wa ke tsaye ina,
wa zai yi ihu in ta ƙwace.
Ranar da muka ce muna sauri,
ga ta nan." Ya ɗaga hannun.

Jiya sa ya fizga, igiya ta tsinke,
ta yi bulala inda Ila ya saba tsayawa.
Ba kowa a wurin.

Kawu bai ce uffan ba.
Ya tsuguna yana ƙulla ta
da yatsun da suka rage.