Kan Sarki a Goshin Kuɗi

Babana Vendelin zuma yake sayarwa.
Daga Holic yakan haye gada zuwa Hodonin,
kwalba shida a jakar keke.
Koruna ɗaya ce can da nan,
ba mai juya ta ya duba bayanta.

Sai hunturun casa'in da uku.
Muka bi layi, yatsu sun ƙage,
aka miƙo mana kuɗinmu na jiya
da kan sarki manne a goshinsu:
na Cek daban, na Slovakiya daban.
Kogin Morava bai ƙara faɗi ba,
amma gadar ta yi tsawo.

Aka ce ɗaya da ɗaya ne.
Kafin ƙudan zuma su cika saƙa
tamu ta rame da kashi goma.

Gwaggo Bohuslava, mai aure a ƙetare,
tana binsa ɗari biyar tun na gyaran rufi.
Wace ɗari biyar?
Ita ta ce tata, shi ya ce tasa,
kowa da jarida, yatsa kan farashin canji.
Shekara tara gaisuwa sai ta kati.

Yau Yuro muke kashewa, ita har yanzu koruna.
Na tsinci littafinsa ƙarƙashin tsohuwar amya.
Duk wata ya rubuta farashi,
ya lissafa, ya soke.
Shafin ƙarshe babu lamba,
"A kai mata zuma" kawai.

Na kai. Ta buɗe, ta lasa,
ta ce bai kai na da zaƙi ba,
sannan ta laluba bayanta, tana neman kujera.