Aikin Dare a Bakin Saimaa

Ƙarfe ukun dare, ƙanƙara ta rufe tafki ruf.
Aulikki ta tsiyaya sinadari cikin kunun itacen gwaji,
cokali uku tak,
kamar mai gyaran miyar da ta yi lami.

Raimo, da ya yi furfura a gindin injin, ya taɓe baki:
"Takarda ba ta son wayo."

Ta miƙa masa falle guda da ɗuminsa.
Ya ja. Ya sake ja,
har jijiyar wuyansa ta tashi.
Fallen ya ƙi.

Tanderun busarwa ya rage haɗama,
hayaƙin bututu ya rame.

Raimo ya ninke fallen, ya tura aljihu,
wai jikarsa za ta zana masa
bishiyar da ba a sare ba.