Gidan Ashiru a Kan Ruwa

Na ce masa, Ashiru, ina gidan?
Ya nuna mini kwalekwalen ƙarfe,
kore shar, ɗaure da igiya
a bakin wata doguwar kwata
da ta ratsa Hebden Bridge.
Na ce, wannan ai gora ce aka tsaga.
Ya ce, Inna, sunkuya,
kar ƙofa ta riga ni yi miki sannu.

Na miƙa dama, na taɓa bango.
Na miƙa hagu, bango ya amsa.
Faɗin gida kamu huɗu da taƙi,
tsawonsa kamar zancen mai neman bashi.

Gado ya shige bango da hantsi,
ya fito a tebur da azahar.
Matakala, cikinta tukwane.
Kujera, cikinta shinkafa.
Komai a nan aiki biyu yake yi,
har shi mai gidan:
da rana asibiti, da dare kafinta.

Kan rufi ya shimfiɗa farantai
na tatsar wuta daga rana.
Wace ranar?
Kwanana tara a garin nan,
sau biyu ta leƙo ta koma
kamar maƙwabciya mai fushi.

Amma akwai 'yar fanka a kan murhu,
ba waya, ba batir, ba makunni.
Zafi na hawa ta ƙafarta,
sanyi na zaune a kanta,
rigimar su biyun ce ke juya ta.
Haka ya ce.
Na ce, wannan ilimin na riga ka,
shekara talatin da biyu na yi da babanka.

Asuba ta uku na shimfiɗa darduma
inda na saba fuskanta.
Ya ce, dakata, Inna,
jiya kina barci muka matsa,
mun karya kwana a bayan gada.
Ya ɗauko waya, kibiya ta yi rawa,
alƙibla ta koma tagar agwagi.
Ikon Allah!
Gidan da kullum sai an tambayi gabas.

Dattijuwar jirgin gaba, Maureen Sutcliffe,
ta miƙo kek ta taga.
Na miƙa mata kilishi mai yaji,
ta ci, ta yi hawaye, ta ce a ƙara.
Ba zaure, ba sallama,
zumuncin taga da taga.

Ni fa gidana na Malumfashi
ɗaki goma sha ɗaya ne.
Tsakar gida, sai ka yi kira sau biyu
kafin muryarka ta kai rijiya.
Mun gina shi don kada yara su matsu.
Ba su matsu ba.
Sun tafi.
Yanzu ƙadangaru ke rabon ɗakuna,
ni da rediyo muna ɗaki ɗaya.

A nan, da dare, ruwa na lasar ƙarfe,
fanka na ta sulhun zafi da sanyi,
labule ɗaya ne tsakanina da shi.
Ina jin tarinsa. Ina jin juyinsa.
Har yanzu yana taune haƙora a barci,
rabona da jin haka tun yana ɗan aji uku.

Gobe zai sake cewa, Inna, kin takura?
Zan ce masa, ƙwarai kuwa.
Matso da ƙafarka.