Igiyar Labbo

Labbo ya sayar da tunkiyarsa a kasuwar Jega,
ya sayi igiya.
Ba ta guga ba, ba ta ɗaurin kaya ba,
igiyar hedifon, kamu uku, an yi mata kitso ƙanana,
wai cikinta azurfa ce.
Daga Legas ta zo, a kwali mai ƙamshin sabon takalmi.

Mu uku ne a shagon Jabbi mai tura waƙoƙi,
janareta na tari a bayan katanga.
Labbo ya kifa kofunan a kunnuwa, ya lumshe ido
kamar mai ɗanɗana zumar da bai biya ba.
"Da ta tagulla," in ji shi, "gangar na cikin ɗaka.
Wagga ta fiddo ta tsakar gida.
Ku ji ƙarfen can, har sanyi garai."

Jabbi bai ɗago daga kwamfuta ba.
"Ruwan rijiya ɗaya ne, ko da wane guga ka ja.
Ba kunnenka ya ji ba, aljihunka ne."

Sai muka ɗaure masa ido da hiramina.
Sau goma Jabbi ya zare ya soka,
ni ina ajiye ƙwarar gyaɗa duk sanda ya canka.
Biyar.
Ya ce janareta ne.
Muka jira wuta ta dawo, muka sake.
Huɗu, kuma na cinye ɗaya kafin a ƙirga.

Duk wannan Baba Nomau na kan benci, sanda tsakanin gwiwoyi.
Kaset ya kawo daga Kimba tun hantsi,
gogen wansa, wanda ƙasa ta rufe shekara ashirin da shida.
Jabbi ya juye shi gida biyu:
ƙarami, matsattse, don ya shiga waya,
da babba wanda ba a rage masa komai ba.

Aka sa masa ƙaramin.
Ya gyaɗa kai. "Shi ne.
Amma wa ya share gidan?"

Aka sa masa babban.
Minti ɗaya, biyu, sai ya ɗaga tafi
kamar mai tsai da mota.
"Ga Tumba nan tana daka.
Taɓaryarta ce, mai tsaga a gindi.
Ga shi ya ja numfashi, zai hau sama.
Kullum sai ya ja ta hanci."

Muka karɓa ɗaya bayan ɗaya.
Na ji goge, na ji shuuu na tsohon zare,
kamar yayyafi a kan kwano.
Jabbi ya buɗe zanen sautin a allo, tsaunuka kore,
ya bi su da yatsa, bai ga turmi ba.
Labbo ya zaro azurfarsa ya soka,
ya danne kofunan har kunnensa ya yi ja.
Da ya cire bai ce komai ba.

Sannan muka lura da igiyar da tsohon ya saurara da ita:
baƙar nan ta shago, ta ɗari biyar,
mai salatif a wuya,
wadda sai an karkata ta kunnen hagu ke kawowa.

Daren nan na sa an tura mini babban.
Na kwanta a soro, na kai minti na biyu sau bakwai.
A na bakwai wani abu ya ce dum, can ƙasa,
ya sake cewa dum.
Ko Tumba ce, ko jinin kunnena,
ban da wanda zan ɗaure wa ido ya raba mini.

Da safe na bi ta gidan Labbo.
Yana zaune bakin garke da hedifon a wuya, ba a jone ba.
Igiyar tunkiya na nan a turke,
ba wanda ya kwance ta.