Ramin Pen Sinima

Ruwan asuba ya ɗauke,
ya bar titi yana sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Kiret shida na ƙwai a bayan kekena,
ɗaure da tsohuwar roba, ƙulli uku.
Sallau mai shayi yana jira a Ogba,
kasko a kan wuta.

Ban ga ramin ba.
Ya lulluɓa da ruwa, ya yi lamo
kamar wanda ake bi bashi.
Tayar gaba ta ce nan ne gida,
ta baya ba ta ji labari ba,
ni kuwa na wuce su duka biyun.
Na ga gadar Agege a kife,
na ga silifas ɗina yana tafiya shi kaɗai,
sannan ƙasa ta karɓe ni ta kafaɗa.

Danfo ya ci burki taku ɗaya daga kunnena.
Kwandasta ya leƙo ya zuba mini Yarbanci
wanda ko ban iya ba, na san ba gaisuwa ba ce.
Iya Mulika mai ƙosai ta bar mai a wuta,
ta wanke mini gwiwa da ruwan leda.
Gwaiduwa tana gangarawa kwata a natse.
Ɗari da tamanin na ɗauko.
Sha ɗaya suka tsira. Sau biyu na ƙirga.

Keke yana ɗingishi, ina ɗingishi,
har rumfar Baba Jatau mai faci.
Bai tambayi abin da ya faru ba.
Ya ɗaga wilin, ya kanne ido ɗaya, ya juya shi,
ya ce: Pen Sinima, gaban mai katifa.
Kai ne na huɗu tun Lahadi.

Sai benci ya ɓarke.
Cindo mai raba jarida ya naɗe wando:
ƙofar mota ce aka buɗe masa a Ikeja, ba sallama.
Ɗanlami ya washe baki, gurbin haƙori biyu,
layin dogo ya cafke masa taya ranar da zai je zance.
Tajudin ya nuna ƙashin wuya
da ya ɗoru a karkace;
shi kare ne, ɗan kwikwiyo ma.
Yaron shago ya ce shi ba abin da ya kayar da shi,
tunani kawai yake yi.
Muka yi dariya har haƙarƙarina ya ce ya isa.

Can ciki, bayan tulin tsoffin tayoyi,
wani koren keke yana rataye,
an miƙe shi, an sa masa mai.
Na ce na wane ne?
Baba Jatau ya ci gaba da ɗaure wayoyin wili.
Can ya ce: na Nomau ne, ya biya rabin kuɗin gyara.
Ya ari na ƙaninsa, zai kai saƙo Oshodi ya dawo.
Damina biyu ke nan.

Ba wanda ya ƙara nuna tabo.

Sai da aka kira azahar wili ya daidaita.
Na buga wa Sallau, ya ce: kai dai lafiya?
Ya numfasa, ya ce: to, ƙwan fa?
Za a riƙa cirewa mako-mako.

Na zuba sha ɗayan nan a hula, na ƙulle a kan keke.
Na taka feda, gwiwa tana zugi,
na yi bismilla da ƙarfin da ya fi na safe.
Da na zo ramin na tsaya.
Wani ya riga ni,
ya kafa reshen mangwaro a ciki, da jar leda a kai.
Na ƙara masa fankon kiret ɗaya,
na bi ta gefe.