Shaidar Yawu

Ƙugiya ce ta kama ni, ni da ba kifi ba,
a bakin ruwan Lagdo, da hantsi.
Tsohuwa ce mai tsatsa, ta shekara cikin laka,
ta shige dunduniyata kamar mai bina bashi.

Madam Janabu ta wanke, ta ɗaure, ta ce,
“Tasalla, an taɓa yi miki allurar tsinkau-tsinkau?”
Na ce katin yana cikin kwalla,
kwallar kuwa ambaliyar bara ta tafi da ita,
ta haɗa da zannuwa biyu da rediyon Nomau.
“Sau nawa aka yi miki?”
Wa ke ƙirga allura, Madam?
Na tuna guda, ina da cikin Ladidi,
ko kuwa ta baƙon dauro ce aka yi wa yarinyar
ni na ji zafin?

Allura uku ta rage a akwatin ƙanƙara,
mu bakwai ne a kan benci.
Motar Garwa sai Talata, in ta ga dama.

Ba ta nemi jinina ba.
Wani ɗan tsinke ta miƙo mai kan auduga,
ta ce sabon abu ne, ana kan gwada shi,
in goga a dasashi kamar asuwaki.
Yawu? Na yi dariya.
Abin da nake laƙaba wa zare ya shiga allura,
wanda nake dangwala in ƙirga sefa,
wanda Inna ke tofa mana a ka in zazzaɓi ya tashi,
yau shi za a kira shaida?

Dariyar ba ta yi nisa ba.
Na tuna yayana Ɗantani.
Ƙusar kwale-kwale ce, ba ta ma yi jini sosai ba.
Kwana tara haƙoransa suka sarƙe,
cokali ya kasa raba su.
Bayansa ya lanƙwashe kamar gorar fatsa ta ɗauko giwan ruwa,
ƙarar ludayi kaɗai sai ta fizge shi.
Yawunsa na bin gefen baki, ina gogewa da haɓar zani.
Ashe magana yake ɗauke da ita,
babu mai karanta ta a lokacin.

Muka jira, kamar dahuwar shayi.
Ƙuda ya sauka kan bandejin, ya tashi.
Layi ɗaya ya fito.
Sai na biyu, a hankali, kamar mai jin kunya.

“Jikinki bai manta ba,” in ji Madam,
“ke ce kika manta.
Jibi ki dawo in duba ciwon.”

Yaron bakanike da ke bayana, gwangwani ya yanke shi,
nasa layin bai samu ɗan'uwa ba.
Shi aka naɗe wa hannun riga.

Na fito ina ɗingishi, kifin jiya na jiran gishiri.
A hanya na tara zan tofar, yadda na saba,
sai na fasa.
Na haɗiye abina.